Hisabin Taurarin Ɗan'adam a Tashar Sofoline

A tashar motoci ta Sofoline, daura da Kwalejin Prempeh, inda hanyar Abuakwa da Sunyani ta fita daga Kumasi, yau an wayi gari direba da ɗan kasuwa da almajiri kowa yana ambaton GPS, alhali kaɗan ne daga cikinsu aka taɓa yi wa sharhin abin, ko da yake tushensa ilmi ne da malamanmu suka daɗe da sani, watau hisabi da falaki.

Farkon abin da ya kamata a fahimta shi ne kowane wuri a bayan ƙasa yana da adadi biyu, faɗi da tsawo, waɗanda ake ƙidayawa da daraja. Faɗi shi ne nisan wuri arewa ko kudu da ikwaita. Tsawo kuwa nisansa gabas ko yamma da layin Girinic, wanda Allah cikin hikimarsa ya sa ya ratsa ta Tema a nan Ghana. Kumasi tana kusan daraja 7 arewa, da daraja 1 da rabi da ɗoriya yamma. Tun zamanin Halifa Ma'amun a Bagadaza, Alhawarizmi ya jera irin waɗannan adadai na birane a littafinsa Suratul Ardi, kuma da su ne masana suka riƙa fitar da alƙibla.

Abin da zamani ya ƙaro shi ne taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda sojojin Amurka suka fara harbawa a 1978, tsarin ya cika a 1995 da taurari 24, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a yini. Jama'a da yawa suna zaton tauraron yana kallonsu ne, amma haƙiƙanin al'amari shi ne wayar ce ke saurare, domin kowane tauraro yana ɗauke da agogon atam, yana shelar wurinsa da lokacinsa ba dare ba rana, ita kuwa wayar sai ta auna jinkirin isowar saƙon, ta mayar da shi nisa, tamkar dabbar da aka ɗaure da igiyoyi uku a turaku uku, wadda in an ja su duka ba ta da matsaya sai ɗaya. Tauraro na huɗu shi ke gyara agogon wayar, kuma wannan wajibi ne, tun da kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan yana karkatar da mutum mita 300.

Ba Amurka kaɗai ke da irin wannan tsari ba: Rasha tana da GLONASS, Turai Galileo, Sin BeiDou, jimlarsu duka da GPS ake kira GNSS.

A watan Oktoba na 2017 gwamnati ta ƙaddamar da GhanaPostGPS, wanda ya yanka ƙasar nan murabba'i murabba'i, mita 5 a kan mita 5, kowanne da lambarsa, har lungunan zango waɗanda ba su taɓa samun suna ba suka sami adireshi da motar asibiti za ta iya bi. Ina roƙon malaman makarantun Islamiyya na Kumasi, idan sun zo babin alƙibla, su haɗa wa ɗalibai da faɗi da tsawo, su kuma sa kowane yaro ya haddace lambar gidansu.