Ayabar Cikin Kwalba

Bara da hunturu Baba ya sayo dashen ayaba guda 50, irin wanda ake raino cikin kwalba a ɗakin gwaje-gwaje. Ran da suka iso ya dasa su a fadamarmu. Kafin mako ya zagayo fiye da rabi sun ƙone. Baba ya ce an cuce shi. Da muka dawo makaranta na kai maganar wurin malaminmu na aikin gona, ga kuwa abin da ya fahimtar da ni.

Ana yanko 'yar tsokar tsakiyar tohon ayaba ne, a ɗora ta bisa wani abinci mai kauri kamar kamu. A cikinsa akwai sinadaran taki da sukari, wajen giram 30 a kowace lita. Wasu masana biyu a Amurka, Murashige da Skoog, su suka tsara wannan haɗi a 1962. Sai an dafa shi a zafin digiri 121 tukuna, in ba haka ba funfuna ta riga tsiron cinyewa. Akwai kuma magunguna iri biyu da ake ɗigawa. In ɗaya ya rinjaya sai toho ya yi ta fitowa, in ɗayan ne sai saiwa. Ɗakin kuwa ana riƙe shi wajen digiri 25, fitila na ci awa 16 a rana.

To, a nan gizo ke saƙa. Iskar cikin kwalba cike take da laima, saboda haka ganyen ba ya yin kakin nan da ke hana ruwa tsere masa, 'yan ƙofofin numfashinsa kuma ba su iya rufuwa sosai ba. Ga sukari a bakinsa, bai saba dafa abincinsa da hasken rana ba. Wato dai ɗan gata ne, bai taɓa shan wuya ba. Irin wannan tsiro kuwa aka miƙa wa iskar hunturu!

Malam ya ce kafin a kai shi gona sai ya yi makonni a inuwa, an lulluɓe shi da leda, ana buɗewa kaɗan-kaɗan har sabon ganye ya fito. Da alama namu ba su gama wannan horo ba aka sayar.

Baba bai yarda da ni ba da farko, amma bana ya kafa rumfar zana bakin rijiya, ya ce ni zan kula da sabon dashen in an yi hutu.