Rumfa Biyu: Sabon Gari da Baje Kolin Gawurtattun Kwamfutoci

Ranar da kwamfutata ta ɗauke, na kai ta wani shago a gefen Kasuwar Sabon Gari, ta wajen France Road inda masu kayan lantarki suka yi sansani. Mai shagon bai ko taɓa ta ba. Miƙa ta ya yi ga wani yaro da bai wuce shekara 17 ba, ya ce, "Duba wa Malam." Yaron ya kwance ta, ya ɗora tsinken mita nan da can, ya kai hanci ya shinshina, sannan ya ce, "Maigida, wajen shigar wuta ne ya ƙone." Ya jawo wata matacciyar kwamfuta daga ƙarƙashin tebur, ya ciro wani ɗan abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya narka dalma ya liƙa. Kafin a kira sallar la'asar kwamfutata ta farfaɗo.

Ina zaune a kan benci ina kallon hannun yaron, sai hankalina ya tafi kan wasu ɗalibai 'yan Afirka ta Kudu da suka je birnin Leipzig na Jamus a 2013. Su ma kwance na'ura da haɗa ta suka je yi, kuma suka doke ƙungiyoyin da suka zo daga Amurka da Sin da Turai. Tun daga ranar nake auna rumfunan nan biyu a raina: rumfar Sabon Gari da rumfar babban taron gawurtattun kwamfutoci na duniya.

Gawurtacciyar kwamfuta ba wata tsafi ba ce. Dubban ƙananan kwamfutoci ne ake jerawa cikin kabad-kabad na ƙarfe, a ɗaure su da wayoyi masu saurin gaske, a raba musu lissafi ɗaya kowace ta ɗauki kasonta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to haka ma hasashen damina ko binciken ƙwayar cuta ko taswirar man da ke ƙarƙashin ƙasa sun fi ƙarfin kwamfuta ɗaya. Masu wannan sana'a suna da manyan kasuwanni biyu a shekara. Ta farko, ISC, Farfesa Hans Meuer ne ya assasa ta a Mannheim a 1986, yanzu kuma a Hamburg take ci. Ta biyu, SC, ta fara a Orlando ta Amurka a 1988, kuma kowane Nuwamba take ci, bana a wannan birni, baɗi a wancan. Na kira su kasuwa don kuwa kasuwa ce: kamfanoni su baje haja, cibiyoyin bincike su kafa rumfa, a yi ciniki, a nemi ma'aikata, a ji labarin wanda ya taka da wanda ya zame.

Cibiyar da ta tura ɗaliban nan ita ce CHPC da ke Cape Town, wadda ta fara aiki a 2007 ƙarƙashin hukumar binciken kimiyya ta ƙasarsu. Ɗalibanta sun ci gasar ISC a 2013, suka maimaita a 2014, suka sake ci a 2016 da 2019, waɗannan biyun a Frankfurt. Gasar kuwa ga yadda take: ƙungiyar ɗalibai shida za su haɗa ƙaramin gungun kwamfutoci da hannunsu a tsakiyar filin baje koli, jama'a na wucewa suna kallo, a ba su ayyukan lissafi na kimiyya, wanda ya fi fitar da sakamako shi ya ci.

A nan kamannin farko ya bayyana. Duk rumfunan biyu a hannu ake koyo. Yaron Sabon Gari da shara yake farawa, sai aike, sai riƙe wa maigida fitila, sai kwance sukurori, sai a wayi gari an ba shi aikin kansa. Ɗalibin Cape Town ma duk karatun da ya yi a aji bai isa ba sai ya kwana yana neman dalilin da ya sa kwamfuta ta uku ta ƙi yin magana da ta huɗu. Kunne da hanci da yatsa suna da ilimin da littafi ba ya iya ɗauka, kuma duk wanda ya taɓa gyara ya san haka.

Kamanni na biyu wuta ce. A shekarun da ɗaliban nan suka yi nasara, ƙa'idar gasar ita ce kada na'urar ƙungiya ta ja wutar da ta wuce wat 3,000, wato kwatankwacin abin da matsakaicin janareton shago yake bayarwa. Wanda ya tsallake wannan iyaka an rage masa maki. Saboda haka gwanintar ba ta tsaya ga tara ƙarfi ba, har da sanin abin da za a kashe don wani ya samu. Wane ɗan kasuwar Sabon Gari ne bai san wannan lissafi ba? Shi ne mai kashe fanka don ƙarfen dalma ya yi zafi, shi ne mai ƙirga litar man da zai kai shi magariba. Kasuwar ta sha wuya a kan wuta ta kowace fuska. Gobarar watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna, kuma a 2018 ne Hukumar Samar da Lantarki a Karkara tare da kamfanin Rensource suka fara kai wutar sola shaguna don rage dogaro da janareto. A can ƙolin sana'ar ma wuta ce ke yanke hukunci. Frontier, na'urar Oak Ridge ta Amurka da ta fara tsallake lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa guda a 2022, a lokacin tana shan kusan megawat 21. Wannan ya ninka iyakar gasar ɗalibai sau 7,000, amma damuwar iri ɗaya ce: nawa aka sha, me aka samu.

Kamanni na uku shi ya fi taɓa ni, wato gwanjo. A 2008 Jami'ar Texas ta ƙaddamar da wata na'ura mai suna Ranger, wadda a lokacin tana cikin biyar mafi sauri a duniya. Da aka yi mata ritaya a 2013, ba a kai ta bola ba. An rarraba kabad-kabad ɗinta, aka loda wasu a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Kudu, wasu suka ƙarasa jami'o'in Botswana da Tanzaniya, inda aka sake haɗa su a matsayin na'urorin koyarwa. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da masana suka yi da Ranger shi ne abin da yaron nan ya yi da matacciyar kwamfutar ƙarƙashin tebur. Sabon Gari ta daɗe da sanin cewa abin da wani ya yar yana iya zama jarin wani.

To idan hannun iri ɗaya ne, damuwar wuta iri ɗaya ce, dabarar raya tsoho iri ɗaya ce, me ya sa ɗaya rumfar take kai matasa Jamus su ciyo gasa, ɗayar kuma gwaninta ba ya wuce layinsu? Na ga bambanci uku.

Na farko mudu ne. Tun watan Yunin 1993 ake fitar da jerin TOP500, wato na kwamfutoci 500 mafi sauri a duniya, sau biyu a shekara, ɗaya a taron Jamus, ɗaya a na Amurka. Kowace na'ura, ta Japan ce ko ta Finlan, lissafi ɗaya ake ba ta, gwajin da ake kira Linpack wanda Jack Dongarra ya yi suna da shi. Da wannan mudu aka auna Lengau ta Cape Town da ta shiga jerin a 2016, da shi aka auna Toubkal ta Maroko da ta shiga cikin 100 na farko a ƙarshen 2020, da shi kuma El Capitan ta karɓi sarautar jerin a Nuwamban 2024. Mudun yana da nakasa, masu sana'ar da kansu sun yarda cewa gwaji ɗaya ba ya nuna komai, shi ya sa suka ƙara wasu, har da jerin Green500 mai auna tattalin wuta. Duk da haka mudu ne da kowa ya amince da shi. A Sabon Gari kuwa gwaninta a baki take yawo. "Je ka wajen wane, ya iya." Wannan shaida tana da daraja, amma ba ta ƙetare bakin kasuwa, balle ta shiga ofishin da ake ɗaukar aiki. Sai an gwada akan san na ƙwarai, mu kuma ba mu da filin gwaji.

Na biyu shi ne yadda ake riƙon ilimi. Cibiyar da ta je taro ba haja kaɗai take kaiwa ba. Ma'aikatanta suna gabatar da maƙala, su faɗi abin da suka gwada ya yi da wanda ya ƙi, a yi musu tambayoyi a bainar jama'a, a buga a ajiye. Kuskuren da aka yi a Tokyo bana, ba sai an maimaita shi a Cape Town baɗi ba. A kasuwa kuwa dabara jari ce, kuma jari ba a shanya shi a rana. Ba na ganin laifin mai gyaran da ya juya baya lokacin da zai yi wani aiki mai wuya, domin da wannan sirrin yake ciyar da iyalinsa, kuma babu wanda zai biya shi ladan koyarwa. Amma sakamakon a fili yake. Gwani ya tsufa, idonsa ya raunana, ya tafi da rabin abin da ya sani, na baya kuma su fara daga tushe.

Na uku tsani ne. Ɗaliban Afirka ta Kudu ba daga sama suka faɗo Leipzig ba. CHPC tana tara ɗalibai daga jami'o'in ƙasar a ba su horo a tsakiyar shekara, a tace su, waɗanda suka tsallake su kara a gasar ƙasa a watan Disamba, zakarun kuma a kai su Texas su ƙara gogewa kafin su wuce Jamus. Kowace shekara sababbin fuskoki ake turawa, tsofaffin kuma su dawo su koyar. Nijeriya ta taɓa jin sunanta a wannan fage, domin Philip Emeagwali ya samu lambar Gordon Bell a 1989 kan lissafin rijiyoyin mai. Amma a Amurka ya yi aikin, da na'urar Amurka, kuma nasarar mutum ɗaya ce. Ta Cape Town nasarar gida ce, shi ya sa ta maimaitu sau huɗu.

Kada a ɗauka cewa rumfar Jamus ce ta lashe komai a wannan awo. Akwai inda Sabon Gari ta yi mata nisa. Ƙofarta a buɗe take. Yaron da bai gama sakandare ba, ko almajirin da ya sauke ya shigo gari, yana iya tsayawa bakin shago yau, bayan shekara biyar ya zama maigida. Taron Hamburg kuwa sai mai biza, mai kuɗin jirgi, mai takardar jami'a. Sannan kasuwa da ƙafarta take tsaye. Tun da aka kafa unguwar Sabon Gari bayan zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911, Bahaushe da Bayerabe da Ibo suke cinikayya a wajen, ta ƙone ta tashi, ta sake ƙonewa ta sake tashi, ba ta jiran kasafin kuɗin kowa. Cibiyar gawurtacciyar kwamfuta kuwa, ranar da gwamnati ta janye hannu, ko wuta ta riƙa ɗaukewa, ranar za ta fara rugujewa, kuma na'urar da ake taƙama da ita yau, bayan shekara biyar ko shida ta zama tsohon yayi. Hukuncin kasuwa ma ya fi gaggawa: idan gyara bai yi ba, gobe mai kaya zai dawo, kuma duk layin zai ji.

Abin da awon ya nuna mini shi ne kowace rumfa tana riƙe da abin da ɗayar ta rasa. Sabon Gari tana da hannaye da juriya da buɗaɗɗiyar ƙofa. Taron duniya yana da mudu da rubutu da tsani. Kano kuwa tana iya haɗa su ba tare da ta sayi na'urar biliyoyin naira ba. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Jami'ar Bayero tana nan, jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil tana nan, tsofaffin kwamfutocin ofisoshi da bankuna suna nan jibge. A tara guda goma ko ashirin, a ɗora musu manhajar Linux, wadda kyauta ce kuma ita ce ke tafiyar da dukan na'urori 500 na jerin duniya, a ba su wutar sola. Sannan a kafa ƙungiyoyi, kowace ta haɗa ɗaliban jami'a da yaran shago, a sa musu iyakar wuta, a ba su lissafi na gaske, kamar bayanan ruwan sama na shekaru da manomin Ɗambatta zai amfana da su. A yi gasar a fili kowace shekara, a rubuta abin da aka koya da Hausa da Turanci, wanda ya ci kuma a ba shi takardar da za ta yi masa magana a inda ba a san maigidansa ba.

Da zan tafi a ranar, na tambayi yaron ko ya taɓa haɗa kwamfuta biyu su yi aiki ɗaya tare. Ya ɗan yi shiru yana goge dalma a bakin ƙarfensa, ya dubi maigidansa, sannan ya dube ni. "Malam, ana yi ne?" Na ce ana yi, har da dubbai. Ya ce, "To in aka nuna mini sau ɗaya, zan iya."

Na yarda da shi, domin na ga hannunsa. Abin da ya rage shi ne a samu mai nuna masa, da filin da zai nuna wa duniya.