Jami'in Wayar da Kai a Potiskum: Horo Kafin Annoba

A 2023 mashaƙo ya yi ɓarna a Jihar Yobe, kuma Potiskum na cikin inda ya fi kamari. A farkon 2024 sanƙarau ya shiga makarantun kwana na yankin, ya yi ajalin ɗalibai. Cututtukan nan biyu duk suna da rigakafi, kuma ana ceto marar lafiya idan an kai shi asibiti da wuri. Mai ɗaukar wannan saƙo zuwa ƙofar gida shi ne jami'in wayar da kai kan lafiya na ƙaramar hukuma.

Aikinsa ya wuce riƙe lasifika. Dole ya iya bayyana wa uwa cewa allurar penta, mai kare yaro daga mashaƙo, sau uku ake yi, a mako 6 da 10 da 14 na haihuwa, kuma wadda ta tsaya a ta farko ba ta gama kare ɗanta ba. Dole ya koya wa mai unguwa cewa ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da fatsi-fatsin yana a maƙoshi maganar asibiti ce a ranar. Potiskum kuwa gari ne na Ngizim da Karai-Karai da Bolewa da Hausawa da Fulani, ga kasuwar shanu mai jawo fatake daga ko'ina. Yadda za a yi wa limami bayani daban, na makiyayi daban, na matan kulle daban. Duk wannan koyo ake yi.

Takardar shaida daga kwalejin kiwon lafiya ta Nguru tushe ce mai kyau, sai dai ilimi yana tsufa. Allurar sanƙarau ta Men5CV, wadda Nijeriya ta fara amfani da ita a duniya a 2024, ba ta cikin karatun wanda ya gama makaranta tun da jimawa. Haka ma yadda ake tunkarar jita-jitar WhatsApp. Bitar gaggawa ana jajibirin gangamin rigakafi ba ta cike wannan giɓi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

A kan jita-jita kuwa, Arewa ta ɗanɗana kuɗarta a 2003, lokacin da zargi ya tsayar da rigakafin shan inna. Sai da sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida suka shigo, sannan aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a 2020.

Nijeriya na da manufar inganta lafiyar jama'a tun 2006, an sabunta ta a 2019. Abin da ya rage shi ne Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta Yobe da ƙaramar hukuma su ware kuɗin horo duk shekara: karanta alƙaluman rigakafi na kowace mazaɓa, sauraron koken iyaye, da amsa jita-jita da hujja. A kuma bi jami'an fagen aiki a ga yadda suke yi, a ba su babur da mai, sannan ƙarin girma ya dogara da abin da suka koya.