Katin bashi mai tukuici: Lissafin da ya kamata ma'aikacin tarayya ya yi kafin ya sa hannu

Tun daga watan Afrilun 2024, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin bai wa masu albashi bashin sayen kayan buƙata a ƙarƙashin hukumar CREDICORP, tare da cewa da ma'aikatan gwamnati za a fara, maganar cin bashi ta daina zama abin da ake raɗawa a ofisoshin Abuja. Ma'aikacin da albashinsa ke bi ta tsarin IPPIS abokin hulɗa ne da kowane banki ke so, domin an san ranar da kuɗinsa ke shiga, an kuma san ba a cika sallamarsa daga aiki da rana tsaka ba. Daga cikin abubuwan da ake tallata masa akwai katin bashi mai tukuici, wanda ake cewa duk sayayyar da aka yi da shi za a mayar wa mutum wani ɗan kaso na kuɗinsa, ko a tara masa maki da zai musanya da tikitin jirgi ko ɗakin otal.

Ya kamata a fara da bambance katin da wanda aka saba da shi. Katin ATM da ke aljihun kowa kuɗin mai shi yake cirewa daga asusunsa. Shi kuwa katin bashi kuɗin banki ne ake kashewa, har zuwa iyakar da bankin ya yanka wa mutum, galibi bisa ƙarfin albashinsa. A ƙarshen kowane zagaye na wata guda banki zai fitar da takardar lissafi, ya sa ranar biya. Wanda ya biya dukkan abin da ake bin sa kafin ranar, ba a ɗora masa kuɗin ruwa a kan sayayyar. Wanda ya biya wani ɓangare ya bar saura, daga nan ruwa ya fara hawa.

Daga ina tukuicin yake fitowa?

Mai sayar da tumatir a kasuwar Wuse da ya ƙara wa mai saye gyara ya san ribarsa ta riga ta ɗauki nauyin gyaran. Haka banki yake. Wannan al'ada a Amurka ta girma: katin Diners Club ya fito a New York a 1950, kamfanin jiragen American Airlines ya fara tara wa fasinjojinsa maki a 1981, sannan katin Discover ya yaɗa mayar da kaso na kuɗin sayayya a tsakiyar shekarun 1980. Abin da ya ba tsarin ƙarfi a can shi ne la'adar da ake cira daga ɗan kasuwa duk lokacin da aka biya shi da katin bashi, wadda takan kai wajen kashi 2 cikin 100, wani lokaci ta zarce. Daga cikinta ake gutsuro tukuici. Tarayyar Turai ta ƙayyade kason da bankin mai kati ke samu a kashi 0.3 cikin 100 tun 2015, shi ya sa katunan Faransa da Jamus ba su da irin garaɓasar na Amurka.

A Najeriya, Babban Banki ya rage la'adar da ake cira daga ɗan kasuwa a kan biya da kati zuwa kashi 0.5 cikin 100 a 2019, ya kuma sa mata iyakar Naira 1,000 a ciniki guda. Wannan ɗan kuɗin ma raba shi ake yi tsakanin bankin mai kati, da bankin ɗan kasuwa, da kamfanin da ya samar da na'urar POS, da wanda ke sarrafa cinikin. Saboda haka idan banki a ƙasar nan ya yi alƙawarin tukuicin kashi 1 ko 2, da wuya a ce daga aljihun ɗan kasuwa kaɗai zai biya. Ko dai ragi ne na ɗan lokaci da wani kanti ya ɗauki nauyi, ko kuma kuɗin na fitowa daga sauran hanyoyi biyu: kuɗin riƙe kati na shekara, da ruwan da masu jinkirin biya ke zubawa.

Wani bincike da masana tattalin arziki, ciki har da na Babban Bankin Amurka da na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, suka fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa kimanin dala biliyan 15 ke tashi duk shekara daga hannun masu katin da ba su iya sarrafa shi ba zuwa hannun waɗanda suka iya. Ma'ana, a cikin masu riƙe da kati iri ɗaya, wasu ne ke biyan tukuicin wasu. Tambayar farko ga ma'aikaci ita ce a wane rukuni zai kasance, kuma amsar tana cikin takardar asusunsa ta watanni shida da suka wuce: idan albashi kan ƙare kafin ranar 20 ga wata, akwai alamar ba ya cikin rukunin da za su ci riba.

A ƙaddara ma'aikaci yana kashe Naira 150,000 a wata da katin, ana mayar masa kashi 1. Tukuicinsa Naira 1,500 ke nan a wata, 18,000 a shekara. Idan kuɗin riƙe katin Naira 10,000 ne, abin da ya rage masa 8,000. To a ƙaddara ruwan katin kashi 3 ne a wata, sai aka yi wata guda bai biya ba. Ruwan Naira 150,000 ɗin 4,500 ne, wato tukuicin wata uku ya tafi, ban da tarar jinkiri. Sau biyu irin haka ta faru a shekara, ya koma shi ke bin kansa bashi. Kashi 3 a wata yana da daɗin ji a kunne, amma idan ruwa ya riƙa hawa kan ruwa ya haura kashi 42 a shekara. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ma'aunin ruwan Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5 a watan Nuwamban 2024.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne abin da takardar lissafi ke kira mafi ƙarancin biya. Mai bashin Naira 300,000 da aka ce ya biya kashi 5 zai ba da 15,000, ya ji kamar ya sauke nauyi. Amma 9,000 daga ciki ruwa ne, 6,000 kawai suka taɓa uwar kuɗi. Banki ba zai kira shi ba, domin a wurin banki wannan shi ne abokin hulɗa na gari.

Abin dubawa wajen zaɓe

Kafin a dubi yawan tukuici, sai a dubi inda katin zai yi aiki. Manyan kuɗaɗen da ke cin albashin ma'aikaci a Abuja, irin su hayar gida a Kubwa ko Lugbe ko Mararaba, da kuɗin makarantar yara, da abin da ake aika wa iyaye a gida, yawancinsu ta taransifa ake biya. Mahauci da mai kayan miya da mai gyaran mota su ma lambar asusu suke miƙowa. Abin da ya rage wa kati shi ne man fetur, manyan kantuna, kuɗin wuta da na talabijin, kantin magani, otal da tikitin jirgi. A kan wannan adadin, ba a kan dukkan albashi ba, ya kamata a lissafa tukuicin shekara, sannan a cire kuɗin riƙe kati. Sau da yawa katin da ba shi da ƙyale-ƙyale amma kuɗin riƙe shi kaɗan ne yakan fi mai ruwan zinariya amfani ga ma'aikacin mataki na 8 ko na 10.

Tsakanin tsabar kuɗi da maki kuwa, tsabar kuɗi ta fi sauƙin ganewa. Maki kuɗi ne da kamfani ya ƙirƙira, shi ke yanke darajarsa, yana iya rage ta ko ya sa masa wa'adi. Wanda ke tara maki shekara biyu domin tikitin Umra yana iya tarar da an ƙara yawan makin da ake buƙata, ko babu kujera a lokacin azumi, ko kuma harajin tikitin sai da kuɗi. Makin jirgi yana da amfani ne ga wanda aikinsa ke sa shi tafiya a kai a kai da kamfani guda, kuma ba sai da katin bashi ake samunsa ba: shiga tsarin ShebaMiles na jirgin Habasha ko Peace Advantage na Air Peace kyauta ne.

Sai batun ranaku, wanda mutane da yawa ke tsallakewa. Idan aka ce kwana 45 ba ruwa, ana nufin mafi tsawon abin da zai yiwu. Sayayyar da aka yi washegarin rufe lissafi ita ke samun cikakken wa'adin. Wadda aka yi ana gobe rufewa kusan mako biyu kawai take samu. Albashin tarayya yakan shiga a ƙarshen wata, amma yakan tsallaka zuwa farkon na gaba a wasu lokuta. Don haka ranar biya da ta faɗo 28 ga wata kasada ce. Gara a nemi banki ya matsar da ita zuwa wajen 7 ko 10 ga wata, a kuma ba da umarnin cire cikakken bashin kai tsaye daga asusun albashi, ba mafi ƙarancinsa ba.

Cire tsabar kuɗi da katin bashi wani babi ne daban. A mafi yawan katuna ana cajin kuɗi na musamman, ruwa na fara hawa tun daga ranar, kuma babu tukuici. Akwai kuma abin da ba ya cikin takarda: masu bincike biyu na jami'ar MIT, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun nuna a 2001 cewa mutanen da aka ce su taya tikitin wasan ƙwallon kwando da kati sun taya kusan ninki biyu na waɗanda aka ce da tsabar kuɗi za su biya. Tukuicin kashi 1 ba zai rufe ƙarin kashe kuɗi na kashi 10 ba.

Hadimai da tafiyar aiki

Masu taimaka wa ministoci da 'yan majalisa da manyan sakatarori suna cikin waɗanda katin zai fi ruɗa, domin kuɗi masu yawa kan bi ta hannunsu. Hadimi ya yanki tikitin maigida da otal da katinsa, maki ya taru, sai dai bashin da sunansa yake. Takardar neman a mayar da kuɗi tana iya kwana a kan teburi fiye da wa'adin katin, kuma sashen kuɗi ba zai biya ruwan da ya hau ba. Haka abin yake ga wanda ya tafi aiki kafin alawus ɗinsa na tafiya ya fito. Ga kuma tambayar ko na wa ne makin da aka tara da kuɗin gwamnati, wadda ta fi kyau a yi wa daraktan kuɗi ita a rubuce kafin mai binciken kuɗi ya yi ta.

Katin dala yana da nasa haɗarin. Wanda ya ci bashin dala 1,000 a farkon watan Yunin 2023, lokacin da farashin hukuma yake wajen Naira 460, ya ga bashin ya ninka sama da sau uku a lissafin Naira kafin ƙarshen Fabrairun 2024. Mai karɓar albashi a Naira ba shi da dalilin ɗaukar irin wannan nauyin, musamman tun da wasu bankuna sun sake buɗe katunan Naira ga sayayyar ƙasashen waje a watan Yulin 2025. Katunan Amurka da ake yabawa a YouTube kuwa ba don mazaunin Abuja aka yi su ba, kuma jami'in gwamnati ya tuna cewa dokar ɗa'ar ma'aikata ta hana riƙe asusun banki a wajen Najeriya.

Ga Musulmi da dama, maganar ba ta ma kai ga lissafi ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyadh a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a karɓi katin da aka gindaya masa sharaɗin ruwa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya a cikin wa'adin da ba ruwa. Akwai malaman da suka sassauta ga mai larura, amma matsayar majalisar ita ce ta fi yaɗuwa. Wanda ya tsaya a kanta yana da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, waɗanda ke sayen kaya su sayar wa mutum a kan riba sananniya da biya kashi-kashi. Ragin da wasu kantuna ke yi wa masu katin ATM ma tukuici ne da babu bashi a bayansa.

Idan biya ya gagara, ma'aikacin gwamnati yana da abin asara fiye da ɗan kasuwa. Tun 1 ga Agustan 2020 tsarin GSI na Babban Banki ya ba bankin da ke bin mutum bashi damar ɗibar kuɗi daga duk wani asusunsa da ke haɗe da lambar BVN a kowane banki. Sunansa zai shiga rajistar kamfanonin adana tarihin bashi guda uku, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry, inda mai ba da rancen gida ko na mota zai gan shi gobe. Sannan Dokokin Aikin Gwamnati sun lissafa dulmiya cikin bashin da mutum ya kasa biya a cikin manyan laifuffukan da ake ladabtarwa a kansu.

Wanda ya ga cajin da bai gane ba a takardarsa, ko tukuicin da aka yi alƙawari bai shiga ba, sai ya fara rubuta wa bankinsa ya karɓi lambar ƙorafi. Idan wa'adin da aka ƙayyade wa banki ya wuce ba a warware ba, yana da damar kai maganar Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, tare da wannan lambar da kwafin takardar sharuɗɗan da ya sa wa hannu.