Ƙarancin Gishiri A Jini: Gaggawar Magani Na Iya Taɓa Ƙwaƙwalwa

Kowa ya san amfanin gishiri a miya. Amma ba kowa ya san cewa akwai gishiri a cikin jinin ɗan Adam ba. Likitoci suna kiran sinadarin da ke cikin gishirin nan sodiyam. Shi ne yake daidaita ruwan jiki, yake kuma taimaka wa jijiyoyi su yi aikinsu.

A asibiti ana ɗibar jini a auna shi. Ga mai lafiya, awon yakan tsaya tsakanin 135 da 145. In ya yi ƙasa da 135, gishiri ya yi ƙaranci. In ya faɗi ƙasa da 120, rai yana cikin haɗari.

Me Ke Kawo Shi?

Babban dalili a karkara shi ne zawo da amai. Mai zawo yana zubar da ruwa da gishiri tare. In aka yi ta ɗura masa ruwa zalla, sai jinin ya tsinke, kamar miyar da aka ƙara wa ruwa ba a ƙara gishiri ba. Haka ma manomin da ya wuni yana zufa a gona, yana ta kwankwaɗar ruwa, bai ci abinci ba.

Ciwon zuciya da ciwon ƙoda da ciwon hanta su ma suna kawo shi. Haka tarin fuka da sanƙarau. Wasu ƙwayoyin hawan jini masu sa yawan fitsari su ma suna rage gishirin jini, musamman ga tsofaffi.

Alamunsa

Da fari akan ji ciwon kai da tashin zuciya da kasala. In abin ya yi nisa, sai mutum ya rikice, ya riƙa magana ba kan gado, barci ya yi masa yawa. Daga nan sai jijjiga kamar ta farfaɗiya, ko suma. Sau da yawa akan ɗauka iska ce ta taɓa shi, alhali ciwo ne mai magani.

Yadda Yake Taɓa Ƙwaƙwalwa

Ruwa yana bin gishiri. Duk inda gishiri ya fi yawa, can ruwa yake tafiya. In gishirin jini ya ragu, sai ruwa ya bar jini ya shiga ƙwaƙwalwa. Sai ta kumbura kamar waken da aka jiƙa. Ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne, ba ya buɗewa. Matsin nan shi ne yake kawo ciwon kai da jijjiga.

Amma jiki yana da dabara. In gishirin ya ragu a hankali, ƙwaƙwalwa takan fitar da wasu sinadarai daga cikinta don kumburin ya saɓe. Cikin kamar kwana 2 ta saba da sabon halin. Shi ya sa wani yakan yi ta yawo da ƙarancin gishiri bai sani ba.

Inda Haɗarin Magani Yake

To, a nan gizo ke saƙa. Ƙwaƙwalwar da ta riga ta saba ba ta son canji na farat ɗaya. In aka ɗaga gishirin jini da sauri, sai jini ya zuƙe ruwan da ke cikinta. Duk macen da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ta ga yadda yake tsatsafo da ruwa ya yanƙwane. Haka ƙwaƙwalwa take yi.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna da riga, kamar robar da ke rufe wayar lantarki. Yanƙwanewar nan tana lalata rigar. Wurin da abin ya fi shafa shi ne gindin ƙwaƙwalwa, ta wajen ƙeya, inda saƙon magana da haɗiya da motsin gaɓoɓi yake bi. Wasu likitoci uku a Amurka ne suka fara bayyana wannan lahani a shekarar 1959, a jikin mashaya giya da waɗanda yunwa ta rame.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne lahanin ba ya fitowa nan take. Maras lafiya yakan farfaɗo, 'yan'uwa su yi murna. Bayan kwana 2 zuwa 6 sai harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara, hannu da ƙafa su saki. Wani yana ji yana gani amma ba ya iya motsi sai da idanu. Wasu suna warkewa bayan watanni, wasu su nakasa, wasu kuma su rasu.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu tamowa da ramammu, da masu ciwon hanta, da mashaya giya, da wanda gishirinsa ya faɗi ƙwarai.

Yadda Likita Yake Yi

Sauri ya haifi nawa. Saboda haka likita ba ya barin awon ya hau fiye da 8 zuwa 10 a cikin awa 24. Mai awo 115 zai ɗauki kwanaki kafin ya koma daidai. Shi ya sa ake ɗibar jininsa sau da yawa a rana. Ba wasa da jini ake yi ba, sa ido ake yi.

In mutum yana jijjiga ko ya suma, likita yakan ba shi ruwan gishiri mai ƙarfi ta jijiya, kaɗan, don ceton rai, sa'an nan ya dakata. In awon ya hau da sauri fiye da ƙima, akwai hanyar sake saukar da shi.

Abin Da Ya Kamata Jama'a Su Yi

1. Mai zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, a haɗa da yawan ruwan da aka rubuta a jikin takardar. In babu, a sa rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali 6 na sukari a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Kada a ƙara gishiri. A ci gaba da ba da nono da abinci.

2. Wanda ya rikice ko yake jijjiga, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura masa komai a baki.

3. Kada a yarda a yi ƙarin ruwa a gida ko a kemis, inda babu awon jini.

4. Mai jinya kada ya taɓa makunnin robar ƙarin ruwa don ya ƙare da wuri.

5. In maras lafiya ya fara fitsari mai yawa, fari kamar ruwa, a gaya wa nas nan da nan. Alama ce gishirin zai iya hawa da sauri.

6. A nuna wa likita duk magungunan da ake sha, har na gargajiya. Mai shan giya kada ya ɓoye.

7. In bayan sallama magana ko haɗiya ta canja, a koma asibiti ran nan.

Wannan bayani ba izini ba ne na cika gishiri a abinci, don yawansa yana kawo hawan jini. In likita ya ce a ƙara kwana a asibiti, a yi haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa.