Kafin a yi wa tsoho allurar barci: abin da ya kamata a fara bincikawa

A ƙauyukan Sabon Birni da Isa da ke jihar Sakkwato, inda hare-haren 'yan bindiga suka daɗe suna raba jama'a da muhallansu, iyali kan wayi gari su tarar dattijon gida ya rikice. Ba ya barci, yana ihu, har yana kai wa masu kula da shi duka. Wasu su ce gigin tsufa ne, wasu su ce iskoki ne. Idan lamarin ya tsananta, sai a nufi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, da fatan a yi masa allurar da za ta kwantar da shi.

Sai dai a ƙa'idar likitanci, bincike ne ke gaba da allura. Abu na farko da likita ke son sani shi ne lokacin da rikicewar ta fara. Gigin tsufa yakan zo sannu a hankali cikin watanni ko shekaru. Amma idan cikin kwana biyu ko uku mutum ya birkice, hankalinsa na tafiya yana dawowa, galibi wata cuta ce a jiki: zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, cutar mafitsara, ƙarancin ruwa ko faɗuwar sukari. Shi ya sa ake auna zafin jiki da sukari, a gwada jini da fitsari, a duba ko fitsari ya tsaya masa. Akan kuma tambayi magungunan da yake sha, har da na kyamis da na gargajiya.

Na biyu, ana lura da abin da ke tayar masa da hankali. Dattijon da ya tsere daga ƙauyensu cikin dare yana iya firgita da ƙarar babur ko hasken tocila. Wanda ba ya ji sosai kuwa yakan ɗauki hannun ma'aikacin jinya tamkar na maƙiyi. Irin wannan, zaman ɗansa ko jikarsa kusa da shi da magana cikin natsuwa sun fi allura amfani.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne haɗarin magungunan. A shekarar 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa sababbin magungunan taɓin hankali na ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu gigin tsufa, a 2008 kuma ta faɗaɗa gargaɗin zuwa na da, irin su haloperidol. Diazepam ma yana ƙara ruɗewa, yana kuma jawo faɗuwa da karaya.

Ana komawa ga magani ne idan majinyacin zai cutar da kansa ko wani, shi ma kaɗan kuma na ɗan lokaci. Ga iyalan da za su kama hanyar Kware, abin da zai fi taimakon likita shi ne su zo da kwalayen magungunan dattijon, tare da wanda ya san ranar da abin ya fara.