Hisabin Kayan A-kori-kura da Ɗakin da Ta ke Ja

Wannan bayani ne game da wata al'ada ta mutanen Amurka, da hisabin da ke ƙarƙashinta, wanda in aka kuskure shi ya kan jawo hasarar dukiya, wani lokaci har da ta rai.

A can ƙasar, idan lokacin zafi ya zo, makarantu suka yi hutu, magidanci ya kan kwashi iyalinsa su tafi daji, ko bakin tafki, ko gindin duwatsu, su yi kwanaki. Da yawansu ba su neman masauki, ɗakinsu su ke ja a bayan mota. Shi wannan ɗaki tirela ce a bisa ƙafa biyu ko huɗu, a cikinta akwai gado, da murhu, da makewayi, da tankin ruwa. Mafi yawan irin waɗannan ɗakuna a jihar Indiyana a ke ƙera su, a garin Elkhart da kewayensa. Motar da aka fi jan su da ita kuwa ita ce mai buɗaɗɗen baya, wadda Hausawa ke kira a-kori-kura, kamar Ford F-150 wadda ta fara fitowa a 1975.

Fasali na farko: ƙarfin ja da ƙarfin ɗauka

A sani mota ƙarfi biyu gare ta. Misalinta kamar sa ne, wanda ya kan ja amalanke cike da taki ya kai gona, alhali kuwa in aka ɗora masa rabin wannan taki a gadon baya sai ya durƙushe. Ƙarfin ja na inji ne da giya da birki. Ƙarfin ɗauka kuwa na ƙafafu ne, da tayoyi, da sifirin, da ƙarfen da aka kafa jikin motar a kansa.

Masu sayar da mota sun fi ambaton ƙarfin ja, domin shi ne adadi mai girma da ke faranta ran mai saye. A da kowane kamfani da irin awonsa, har ƙungiyar injiniyoyi ta SAE ta fitar da ƙa'ida mai lamba J2807 a 2008. Kamfanin Toyota ya fara binta a 2011, Ford da General Motors da Ram suka bi a motocinsu na 2015. Cikin jarrabawar akwai hawan tudun Davis Dam a jihar Arizona, tafiyar mil 11 da ɗoriya, cikin zafin da ya kai digiri 38. Amma ƙa'idar ta ƙaddara mutum biyu ne kaɗai a cikin motar, kowanensu laba 150, watau wajen kilo 68. Ba ta lissafa yara ba, balle kayan da ke cikin bodi.

Ƙarfin ɗauka kuwa a rubuce ya ke a wata 'yar takarda da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba. Bayan haɗarurrukan fashewar taya da suka ci rayuka, majalisar Amurka ta yi dokar da a ke kira TREAD a 2000, kuma daga 2005 aka wajabta wannan takarda bisa tsarin da a ke gani yanzu. Tana faɗin iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya, da kilo da laba. Man da ke cikin tanki an riga an fitar da shi daga lissafi, amma direba yana ciki. Kuma kowace mota da nata adadi, ko da sunansu ɗaya ne, gama ƙarin ƙofa biyu, da ƙarin kujeru, da kayan ƙawa, duk suna ci daga abin da za ta ɗauka.

Fasali na biyu: nauyin harshe

A gaban tirela akwai ƙarfe biyu da suka haɗu suka yi tsini, Amurkawa na kiran wurin harshe. Bakinsa ya kan hau kan wani dunƙulen ƙarfe da aka ɗaura a bayan mota. Nauyin da harshen ke dannawa a kan dunƙulen shi ne nauyin harshe. Abin da masana suka daidaita a kansa shi ne ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar tana ɗauke da kayanta. Manyan ɗakunan da a ke ɗaurawa a tsakiyar bodi kuwa, nasu ya kan kai kashi 15 zuwa 25.

To, nan ne mas'alar ta ke. Wannan nauyi motar ce ke ɗauke da shi, daidai da a ce buhuna aka jibga mata. Saboda haka daga adadin takardar ƙofa a ke cire shi.

Ga misali domin a fahimta. A ƙaddara mota ce da aka ce tana jan kilo 4,500, takardar ƙofarta kuwa ta ce kilo 700. Mai ita ya sayi ɗaki wanda takardar ciniki ta ce kilo 2,500 ne, sai ya yi murna, yana ganin ya bar rata mai yawa. Amma wannan nauyin ɗaki ne wayam. Da aka cika tanki, ga shi kowace lita ta ruwa kilo guda ce, aka ɗora tukwanen gas da batir, waɗanda mazauninsu a kan harshen ne, aka zuba abinci da tufafi da tukwane, sai ɗakin ya koma kilo 3,000. Kashi 13 cikin ɗari na wannan shi ne kilo 390. Ƙarfen haɗin da kansa kilo 40. Maigida da uwargida da yara uku, kilo 280. Injin wuta da itace da akwatin ƙanƙara a cikin bodi, kilo 120. Jimla ta tashi kilo 830, an haye iyaka da kilo 130, alhali ɗakin bai wuce sulusi biyu na abin da aka ce motar tana ja ba.

Mai hankali daga ƙarshe ya ke faro hisabin. Ya ɗauki 700, ya cire mutane 280, da kaya 120, da ƙarfen haɗi 40, saura 260. Wannan ne kaɗai rabon harshe. In 260 ne kashi 13, to ɗakin da ya dace da motar, da kayansa da ruwansa, kilo 2,000 ne, watau bai kai rabin abin da mai talla ya faɗa ba.

Fasali na uku: illar yawa da illar ƙaranci

Wanda ya san jigo a lambu ya san abin da ke faruwa in harshe ya yi nauyi. Dunƙulen ƙarfen yana can bayan ƙafafun baya, saboda haka su ne suka zama magirkar jigon: a danna baya, gaba ya ɗaga. In tsakanin ƙafafun gaba da na baya mita 3.6 ne, daga na baya zuwa dunƙulen kuma mita 1.2, to kilo 390 ɗin nan zai rage wa ƙafafun gaba kilo 130, ya ɗora wa na baya kilo 520. Sai a ga motar ta zauna da gindi ta ɗaga hanci, fitilunta suna haska idon masu zuwa. Sitiyari ya yi sakwa-sakwa, birkin gaba ya rage kamu, tayoyin baya kuma su yi ta ɗaukar zafi har ɗaya ta fashe.

Wani in ya ga haka sai ya kwashe kaya ya mayar can ƙarshen ɗakin, don harshe ya yi sauƙi. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Masu amalanke sun san in kaya ya rinjaya baya, sandar ta kan ɗaga, shanu su rasa yadda za su yi da ita. Haka tirela mai sauƙin harshe ta kan fara kaɗa wutsiya in gudu ya yi yawa, ko babbar mota ta wuce da iska, ko an kama gangara. Kowace kaɗawa ta fi ta bayanta faɗi, har ta fizgi motar ta juya ta. Shi ya sa a ke horo da a ajiye wajen kashi 60 cikin ɗari na kaya a gaban ƙafafun tirela, mai nauyi a ƙasa, a kuma ɗaure. A ƙasashen Turai nauyin harshe bai kai na Amurka ba, amma an taƙaita gudu: a Jamus kilomita 80 a sa'a sai wanda ya sami izni na musamman, a Ingila mil 60 a manyan hanyoyi. Ko a Amurka, jihar Kalifoniya ta tsayar wa mai jan tirela mil 55.

In kaɗawar ta fara, direba kada ya taka birki da ƙarfi, kada kuma ya yi kokawa da sitiyari. Ya riƙe shi sosai a miƙe, ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, in tirelar tana da birkin kanta ya matsa shi da hannu, domin ta ja baya ta miƙe.

Fasali na huɗu: dabara da awo

Akwai ƙarfen haɗi mai sanduna biyu masu tauri, waɗanda in aka ɗaure su su kan mayar da wani sashe na nauyi zuwa ƙafafun gaban mota da ƙafafun tirela, motar ta daidaita. Amfaninsa babba ne, amma ba ya ƙara ko kilo ɗaya a adadin takardar ƙofa. Haka nan ƙarin sifirin, ko jakar iska da a ke sa wa ƙafafun baya, su kan ɓoye zaman motar ga ido, amma taya da birki suna nan yadda maƙera suka yi su.

Ido ba mudu ba ne. A tashoshin manyan motoci na Amurka akwai sikeli na haya, mafi shahara na kamfanin CAT Scale, mai faranti uku: ɗaya na ƙafafun gaba, ɗaya na baya, ɗaya na tirela. Matafiyi ya je da iyalinsa da kayansa da ruwansa kamar ranar tafiya, ya hau sandunan nan suna kwance. Sa'an nan ya kwance ɗakin ya ajiye, ya sake hawa da motar kaɗai. Bambancin abin da ƙafafun motar suka ɗauka a awo na farko da na biyu shi ne nauyin harshe na haƙiƙa. Daga nan ya gwada da iyakar motar gaba ɗaya, da iyakar ƙafafun baya, da ta tayoyi, da wadda aka rubuta a jikin ƙarfen haɗi. Wadda ta fi ƙanƙanta a cikinsu ita ce hukunci.

In awo ya nuna an haye, mafita uku ce: a rage kaya da ruwa, ko a nemi ƙaramin ɗaki, ko a nemi motar da ta fi ƙarfin ɗauka. Mafi arha duka shi ne mutum ya buɗe ƙofar direba ya karanta takardar nan tun bai biya kuɗin ɗakin ba, domin waɗanda za su zauna a kujerun baya 'ya'yansa ne.

Allah Ya kiyaye matafiya, Ya kai kowa gida lafiya. Tammat.